Jirgin da Bai Jira Kawun Mudir Ba

A duk shekarun da na yi ina rakiyar matafiya, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wata Juma'a ta hutun makarantu na lokacin sanyi, da ƙarfe biyar saura kwata na yamma, a tashar jiragen ruwa ta Yanbu. Mu uku ne a bakin matakalar jirgin: ni, da jami'in tsaron jirgi, da wakilin kamfanin jirgin a tashar. Mutum biyu daga cikin ashirin da ukun da na fito da su daga Makka ba su dawo ba, ɗayansu kuwa kawun mudir ɗinmu ne, wato shugaban ofishinmu. Ina rubuta wannan ne domin ku da kuka shigo ofis a bayanmu, don na ji labarin yana yawo a unguwar Misfala iri-iri, kuma babu wanda ya zo daidai.

Aikin ofishinmu na unguwar Kudai, kamar yadda kuka sani, motoci ne da masauki. Mu ɗauko masu Umra daga Jidda, mu sauke su, mu kai su ziyara, mu mayar da su. Ni daga gidan rediyo na zo, inda na yi shekaru ina karanta labarai kafin karatu ya kawo ni Makka, don haka duk wata sanarwa ni ake miƙa wa. Mudir, Abu Faisal, haifaffen unguwar Shisha ne a nan Makka. Hausarsa ta cikin gida ce, da ransa ya ɓaci sai ta koma Larabci.

Da manyan jiragen shaƙatawa suka fara tashi daga Jidda, sai mudir ya ce mutanenmu ma sun cancanci hutu. Ya karɓi ɗakuna goma sha biyu a wani jirgi. Tsarin tafiyar shi ne a tashi daga Jidda ranar Alhamis da yamma, a yini a Yanbu ranar Juma'a, a wuce wata tasha a Masar, a dawo Jidda ranar Litinin. Ya ba ni takardar tallan kamfanin. A jikinta akwai hoton ɗaki mai baranda, teku shimfiɗe a gabansa, miji da mata suna shan shayi, babu kowa kusa da su. Na naɗi saƙon murya na minti biyu, na ce otal ne a kan ruwa, abinci ba iyaka, iska mai daɗi. Ban yi ƙarya ba. Amma ban tambayi wane irin ɗaki aka ba mu ba, kuma wannan laifina ne, na karɓa.

Ranar Lahadin da ta gabaci tafiyar, da hantsi, Baba Alhaji Harisu ya shigo ofis. Yayan mahaifiyar mudir ne, ya haura saba'in, yana da shagon darduma da carbi a Misfala. Yana yaro iyayensa suka ƙetaro da shi daga Sawakin ta Sudan a jirgin ruwa, tun daga nan bai sake hawa ruwa ba.

Ya ce, "Ya waladi, ɗana, jirgin nan naku, akwai inda mutum zai shimfiɗa tabarma a sama ya sha iska?"

Na ce, "Akwai kujeru, Baba, har da na kwanciya."

"Madalla. A rubuta ni da Hajiya, da Ɗanjuma tela."

Mudir ya dube ni a gabansa ya ce, "Malam Nasiru, kawu amana ne a wuyanka. Ka fita da ashirin da uku, ka dawo mini da ashirin da uku. In ɗaya ya rage, kada ma ka biyo ta Kudai." Ya yi dariya, Baba ya yi dariya. Ni da na san shi, na san dariyar ba ta kai ciki ba.

Tun a tashar Jidda aka fara. Ana saka kaya a na'urar bincike, sai ga tukwanen lantarki huɗu, da butocin dafa shayi, da ƙaramin risho na gas, da wuƙaƙe biyu. Dokar jirgi ta hana duk abin da ke yin zafi ko yanka, saboda gobara a teku ba ta da maƙwabcin da zai kawo guga. Aka riƙe kayan, aka ba mu takardar karɓa a ranar dawowa. Hajiya Balaraba, matar Baba, ta tsaya da ledar garin tuwo da kuka a hannu.

Ta ce, "To Malam, da me zan tuƙa masa? Alhaji ba ya kwana da shinkafa a ciki."

Na ce akwai abinci kala-kala a ciki. Ta ce kala-kala ba tuwo ba ne.

Daga nan aka karɓi fasfo ɗin kowa, tunda tafiyar za ta fita ƙasar waje, aka ba kowa kati. Ku riƙe wannan don ku gane abin da ya biyo baya. Katin shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar mutum, kuma duk wanda zai sauka ko zai hau sai an ɗora katinsa a na'ura. Ta haka jirgi yake sanin wanda ke ciki da wanda ke waje.

Kafin a tashi aka tara fasinjoji duka, aka nuna yadda ake saka rigar ceto da inda kowa zai tsaya in an sami hatsari. Baba ya juya rigar a hannunsa ya ce, "Tun ba mu tashi ba ana koya mana nutsewa?"

Sai ɗakuna. Namu na ciki ne, a hawa na ƙasa, babu taga ko ɗaya. Gado biyu, banɗaki da mutum mai jiki sai ya shiga a karkace, da labule a bango wanda in ka yaye shi bango za ka gani. Cikin rabin awa an ƙwanƙwasa mini ƙofa sau tara. Wata ta ce ina barandar. Wani ya ce ina teku. Na je teburin kula da baƙi, aka nuna mini takardar da mudir ya sa wa hannu, ga nau'in ɗakin a rubuce ɓaro-ɓaro, kuma jirgi a cike yake, babu canji.

Maganar alƙibla ta fi ɗaga hankalin dattawan. Mutumin da ya yi shekara sittin yana buɗe ƙofa ya san inda Ka'aba take, yau yana cikin akwatin da ke juyawa. Akwai ɗakin salla da allon da ke nuna alƙibla, amma ɗakin ba ya ɗaukar fiye da sahu biyu, kuma yana can ɗaya ƙarshen jirgin. Kafin Baba ya kai da gwiwoyinsa, ya jira na'urar hawa bene da kullum take cike, an sallame. A saman jirgi kuma, inda ya yi niyyar shan iska, kwatamin wanka ne da kiɗa da mutane dubbai, wasunsu da suturar da ba ta kai hannun rigarsa ba. Ya leƙa sau ɗaya ya yi a'uziyya ya juyo.

Wurin cin abinci ya ƙarasa shi. Tsarin shi ne kowa ya ɗauki faranti ya bi layi ya ɗebi abin da yake so. Baba ya zauna ya harɗe hannuwa.

"Shekara arba'in ina ciyar da alhazai a ƙofar shagona. Yau ni zan tsaya a layi da faranti kamar ana rabon sadaka?"

Na ɗebo masa da kaina. Ya ɗanɗana shayin ya ture kofin, ya ce ruwan zafi ne aka nuna wa ganye.

"Nasiru, ka ce otal. Jirgin da ya kawo mu daga Sawakin ya fi wannan mutunci. Da awaki muka kwana, amma muna ganin sama."

Alhaji Ɗanjuma, abokinsa, yana gefe yana fama da jiri tun da aka tashi, alhali teku a kwance take lumui.

Da asubar Juma'a bayan salla na tara mutanena. Na gaya musu jirgi zai tsaya a Yanbu ƙarfe bakwai, duk wanda ya sauka ya dawo kafin huɗu da rabi, ƙarfe biyar za a tashi. Na faɗa da Hausa, na maimaita da Larabci. Baba yana jan carbi yana kallon wani wuri ya ce, "In sha Allahu."

A nan sai na yi wa kaina adalci, na yi wa Baba ma. Ku duka kun san yadda muke yi a Kudai. In muka ce mota za ta tashi ƙarfe takwas, takwas ɗin buɗe ciniki ce. Shugaban tafiya yakan ɗora ƙafa ɗaya a matakalar mota, ɗaya a ƙasa, kuma muddin ƙafar nan tana wurin, direba zai yi ta danna oda amma ba zai motsa ba. Ni da kaina na taɓa riƙe mota kusan awa guda saboda wata baiwar Allah da ta je sayen dabino. Mu muka koya wa mutanenmu cewa lokaci yana da mai roƙo a bakin ƙofa. Baba bai san wata tafiya ba sai irin wannan.

Ƙarfe goma na ƙirga mutanena, waɗanda suka bi motar kamfani zuwa tsohon garin Yanbu da waɗanda suka zauna. Ashirin da ɗaya. Na sami Hajiya Balaraba a wurin cin abinci, ta sami kujera kusa da taga, da kofin askirim a gabanta.

"Hajiya, ina Baba?"

"Ya fita."

"Zuwa ina?"

Ta ɗan juya cokali. "Ya ce kada in gaya maka sai an yi azahar."

"Hajiya, don girman Allah."

"Sun ɗauki tasi shi da Ɗanjuma tun takwas. Madina suka tafi."

Na kira shi. Ya ɗauka da fara'ar da ban ji a muryarsa ba tun daga Jidda.

"Mun wuce Badar tuni, ya waladi. Hanya lafiya lau."

"Baba, jirgi zai tashi ƙarfe biyar."

"Na ji ka da asuba, ai ba kurma ba ne ni. Madina tana nan tafiyar awa biyu da rabi, ranar Juma'a, ka ce in zauna ina kallon masu wanka? In zo har nan in wuce ban yi sallama ga Manzon Allah ba? Da wane ido?"

Sai na koma lissafin hanya. In suka fito daga masallaci suka kama hanya ɗaya da rabi, za su iso da ɗan sauran lokaci. Na ce a ba ni direban, na yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce ya ji, a kan kansa da idonsa, amma shi abin da dattijo ya ce zai yi.

Ɗaya da rabi wayar a kashe. Biyu da minti goma ya ɗauka, suna cikin layin ziyara, ya ce in daina damunsa a wuri mai alfarma. Uku saura kwata na ji ƙarar faranti a bayansa.

"Baba, kuna mota?"

"Muna gidan surukin Ɗanjuma. Mun haɗu a ƙofar masallaci, ya rantse sai mun ci abinci. An sa mana shinkafa da rago, in tashi in bar abincin mutane?"

"Baba, jiya ka ce ba ka son shinkafa."

"Ta jirgi na ce."

Uku da minti goma suka kama hanya. Ƙarfe huɗu suka tsaya la'asar. Na ce ai matafiya ne, da sun haɗa ta da azahar tun a Madina. Ya ce sun tarar ana tayar da jam'i a bakin hanya, ba zai wuce sahu yana gani ba.

Na sake komawa teburin kula da baƙi. Jami'ar da ke wurin 'yar Tunisiya ce, mai ladabi ƙwarai, irin ladabin da ba ya motsawa ko taƙi ɗaya. Ta bayyana mini cewa jirgi yana da lokacin da aka yanka masa a tasha, da matuƙin tashar da zai fitar da shi, da wata tashar da ke jiransa. Yana jiran motocin yawon da kamfani ya shirya in suka makara, amma wanda ya fita da ƙafarsa, shi da agogonsa. Za a kira sunayensu sau uku. In biyar saura kwata ta yi ba su shigo ba, za a fito da fasfo ɗinsu da magungunansu a ba wakilin kamfani a tashar, a cire sunayensu daga jerin matafiya, a janye matakala.

Na kira mudir.

"Ka je wurin kyaftin," in ji shi. "Ka ce masa dattijo ne. Ka ce masa kawuna ne."

"Abu Faisal, kyaftin bai san ka ba."

"To ka sanar da shi mana! Me ya sa na tura ka?"

Daga nan Hausa ta ƙare, ya yi ta zuba Larabci na kusan minti biyu. Da ya huce ya ce in sauka in jira kawunsa. Na tuna masa yarjejeniyar da ya sa wa hannu ta ce dole shugaban rukuni ya kasance cikin jirgi, kuma ina da mutum ashirin da ɗaya da za su sauka a ƙasar da ba su sani ba, uku daga cikinsu tsofaffin mata ne da sai an tura su a keke. Sannan ya ce, "Ka yi abin da ka gani. Amma ka tuna abin da na gaya maka ranar Lahadi." Ya kashe.

Na koma wurin Hajiya na tambaye ta ko za ta sauka ta jira mijinta. Ta riga ta haɗa masa leda: magunguna, hula, riga biyu.

Ta ce, "Ni ba inda za ni. Shekara arba'in da shida ina tsaye a bakin ƙofa da mayafi ina jiran Alhaji ya gama gaisawa. Yau shi ma ya ji yadda abin yake. Ka ce a gaya masa farin maganin bayan cin abinci ake sha, ba kafin ba."

To, haka aka yi na tsinci kaina a bakin matakala da biyar saura kwata. An kira sunayen sau uku a lasifika, an murɗe su yadda ko masu su ba za su gane ba. Wakilin kamfani yana riƙe da fasfo biyu da ledar Hajiya. Wayata ta yi ƙara.

"Muna hango hasumiyoyin matatar mai," in ji Baba. "Ka sa ƙafa a ƙofa. Minti ashirin kawai."

Ba na ɓoye muku, na sa. Ni da na yini ina yi wa mutane bayanin doka, na ɗora ƙafar dama a kan matakala, ta hagu a kan simintin tasha, na tsaya ina kallon ƙofar shigowa. Fasinjoji suna leƙo ni daga sama, wasu suna ɗaukar hoto. Jami'in tsaron ya ba ni minti huɗu, na duba agogo. Sannan ya matso ya ce da Larabcinsa na koyo, "Ya ustaz, ciki ko waje?"

Wakilin ya dafa kafaɗata ya ce in shiga, shi zai karɓe su. Ya ce kusan kowane mako sai ya karɓi irinsu, amma mutanena ne na farko da suka je har Madina. Na ɗaga ƙafar hagu na shiga, aka ɗora katina a na'ura, aka janye matakala.

Shida saura minti ashirin ina saman jirgi, tasha ta yi nisa amma ana ganinta. Na hango fararen riguna biyu sun fito daga mota. Waya ta yi ƙara.

"Nasiru, ga ku can ina ganinku. Ka ce wa direban ya juyo."

"Baba, ba ya juyowa."

"Ka dai ce ba ka so."

Ya kashe.

Sauran kwanakin babu wani abin faɗa. Ƙorafin taga da shayi bai tsaya ba, amma babu wanda ya sake makara ko da minti ɗaya. A Masar mutanena suka riga kowa dawowa, suka zauna a bakin matakala tun saura awa biyu. Su Baba kuwa sun gama da jami'an fasfo bayan magariba, suka koma Madina a tasin da ta kawo su, suka kwana biyu, suka iso Makka ranar Lahadi. Wato labarinsa ya riga nawa shiga Misfala da yini guda cur, kuma a cikinsa ni ne yaron da ya bar dattijo a bakin teku yana ɗaga hannu.

Ranar Talata ƙarfe goma na safe muka zauna a ofis, ni da mudir da Baba. Rahoton wakilin kamfani yana kan tebur, da lokacin da katin Baba ya fita da lokacin da aka kira sunansa. Mudir ya karanta shi, na ga ya karanta har ƙasa.

Baba ya ce, "Ni ban ce ya tsayar da teku ba. Cewa na yi ya tsaya. Ko da jirgin zai tafi, da na iso na same shi a wurin."

Mudir ya dubi takarda, ya dubi kawunsa, ya kife takardar.

"Malam Nasiru, ka ba kawu haƙuri."

Na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, bai dube ni ba. Bayan ya fita mudir ya ce daga gobe in bar teburina na ofis in koma tashar mota ina loda motoci, har ƙura ta lafa. Bai kore ni ba, kuma na san a wurinsa wannan shi ne iyakar adalcin da zai iya.

Abin da na ɗauka daga wannan tafiya kaɗan ne, amma na biya shi da tsada. Kada ka buɗe baki ka tallata ɗakin da ba ka tambayi ko yana da taga ba. Kuma kafin mutum ya ba da sunansa, ka gaya masa abin da motar ko jirgin ba zai yi masa ba, a gaban shaida, don mutanenmu ba jadawali suke bi ba, mutumin da ya fito da su suke bi, kuma shi za su tuhuma. In dattijo ya ce maka in sha Allahu yana kallon wani wuri, ka ɗauko kujera ka zauna kusa da shi. Takarda za ta nuna kana da gaskiya, amma a ofis irin namu, inda fasinja kawun wani ne ko surukin wani, ma'aikaci ne zai durƙusa.

Ofis bai sake karɓar ɗaki a jirgin ruwa ba. Hajiya Balaraba ta sake tafiya a shekarar da ta biyo baya ta hannun wani ofis, ita da 'ya'yanta mata biyu, a ɗaki mai baranda. Ni kuma wata bakwai na yi a tasha cikin rana kafin a mayar da ni tebur, kuma sai bayan Babbar Salla Baba Harisu ya fara amsa sallamata.